Ba Komi, Ɗan'uwa

Ƙanƙara, Satumba 2021

Zuwa ga taubashiyata Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki Gide da 'yar lelenku Khadijatu. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi duk damina. Ta ce in gaya miki kin yi ƙiba kin manta da dangi. Ni na ƙara maganar ƙibar.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da aka yanke mana sabis saboda mutanen daji, wayata ta koma tocila. Rabona da rubuta wasiƙa tun firamare, ki yi haƙuri da rubutun. Malam Ɗanlahadi direba ya ce zai riƙa kai mana duk ranar da ya yi lodin Faskari.

Abin da ya zame wa kowa masifa ni ya buɗe mini kasuwa. Shagon tura finafinai ba ya rabuwa da jama'a, don ba abin da ya rage wa mutum a waya sai kallo. Na kuma gama fassarar wani fim na Turawa, irin na masu tashi sama, ni kaɗai na yi duk muryoyin. Ga shi nan cikin memori, na naɗe miki a leda.

Aktan na sa masa suna Garkuwa. Ƙato ne mai kare birni, mutane na tafa masa. Wata rana yana faɗa a sararin sama, wuta ta faɗo kan wasu bayin Allah da ba ruwansu, ta cinye su, yaro ɗaya ya tsira. Yaron nan shi ya girma ya zama bos, ya dawo zai ƙafar da ruwan birnin gaba ɗaya. Shi na kira shi Sululu. Ni a ganina, Sa'a, bos ɗin ya fi aktan gaskiya, kuma na san za ki yi musu, don musu ne abincinki.

Sululu ba irin masu zare ido da ihu ba ne. Mutum ne mai sanyi, in zai halaka ka sai ya lallashe ka. Na gwada masa murya kala-kala, duk ba ta zauna ba. Sai na tuna wani bawan Allah da na sani, wanda ko akuya ta cinye masa kaya sai ya ja numfashi ta hanci ya ce... Ba zan faɗa ba. Ki kira Gide ya zauna kusa kafin ki kunna.

Naki,
Abdulganiyu sarkin fassara


Unguwar Ɗorawa, ta Ruwan Godiya, Satumba 2021

Abdulganiyu sarkin surutu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Khadijatu ta yi ɗan zazzaɓi amma ta warware. Ka gaishe da Inna, ka ce ta riƙa gasa ƙafar. Makarantarmu a rufe take, ina zaune ina koya wa kaji karatu.

Allah ya shirye ka. Bos na buɗe baki ya ce "Ba komi, ɗan'uwa," har da jan hancin, Gide ya saki kofin shayi. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Wanga yaro ya sace mani baki!" Na ce ya kai ka ƙara wurin Inna. Ya ce, "A'a, ba komi..." sai ya ji kansa, muka sake fashewa. Rabon gidan nan da dariya irin wannan an jima.

Amma maganar bos ya fi gaskiya, ban yarda ba, kuma ba don son musu ba. Ka san yadda aka kashe yayana Hadi bara a gonarsa, da fartanya a hannu. Wanda ya harbe shi ma na san yana da nasa labarin, wata ƙila an taɓa cutarsa. Ban taɓa son jin labarin ba, ba kuma zan so ba. Mutanen birnin da Sululu zai kashe da ƙishirwa, wanne ne a cikinsu ya jefa wutar?

Aktan naka ma ban wanke shi ba. Yana kokawa yana rushe benaye a kan mutane, waɗanda suka tsira suna tafi. Na kasa kallon wurin tafin, don kullum ina ganin irinsa a ƙofar gida. Ƙanena Zailani ya shiga 'yan sa-kai tun bayan Hadi. In sun dawo daga sintiri mata na guɗa, tsofaffi na cusa masa goro a aljihu, yara na binsa suna taɓa bindigar. Ina alfahari da shi, ina kuma jin tsoro, don ba wanda ke tambayarsu me suka yi a can.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Me ya sa ka sa Sululu ya ce "an ƙone rugar ubana"? Bature ya san ruga? Labarin Gide ne wannan, wanda ya ba ku ranar sunan Khadijatu, kuma kowa a nan ya san shi ɗan ruga ne da ya dawo gari yana sayar da maganin dabbobi. A wurin nan bai yi dariya ba, ya tashi ya ce zai duba tumaki.

Fim ɗin ya riga ya shiga gari, ta wayar wani ɗan acaɓa. Jiya yara sun bi Gide har rumfarsa suna "Sululu! Sululu!" Ya juya ya ce musu ka san me. Suka watse suna ihu don daɗi.

Taubashiyarka,
Sa'adiya


Ƙanƙara, ƙarshen Satumba 2021

Malama Sa'adiya,

Sallama da gaisuwa. Mun ji daɗi da jikin Khadijatu ya yi sauƙi. Inna ta gode, ta ce gashin ya yi amfani. Allah ya jiƙan Yaya Hadi, ya sa ya huta. Wallahi da na tuna da shi da ban yi miki maganar da wasa ba.

Duk da haka ki bar ni in kare sana'ata. Fim ɗin da bos ɗinsa mugu ne kawai don mugunta, na yara ne. Ba cewa na yi Sululu ya kyauta ba. Cewa na yi ba daga sama ya faɗo ba, wani ne ya yi shi, kuma wanda ya yi shi ake wa tafi. A shagona har an kusa dambe a kan wannan. Wani tsohon tela ya ce Garkuwa ya kamata a fara kamawa. Samari suka ce in aka kama shi wa zai tare musu Sululu? Tela ya ce da bai jefa wuta ba ai da babu Sululun. Haka suka yi ta zagaye har aka kira la'asar.

Maganar ruga kuwa, Baturen cewa ya yi gidan gonar iyayensa da ke cikin wani kwari. In na faɗi haka wa zai ji zafin a ƙirjinsa? Aikin mai fassara ke nan, ya kawo abu kusa. Na tuna yadda Gide ya ba da labarin ran nan, ba kuka ba zagi, duk muka yi tsit. Irin wannan nake nema, shi ya sa na ara. Ki ce masa girmamawa ce.

Ki taya ni murna, fim ya kai Mabai da Ƙetare, an ce har Sabuwa ana kallonsa. Daga waya zuwa waya yake tafiya, ban ma san iyakarsa ba. Yanzu a Ƙanƙara in ka taka mutum a kasuwa sai ya ja hanci ya ce maka ba komi ɗan'uwa. Mijinki ya yi suna bai sani ba.

Yara kuwa ki rabu da su, kwana kaɗan za su samu wani abin. Ina kan kashi na biyu. A can mutanen birnin ne da kansu suke juya wa Garkuwa baya, har suna jifan gunkinsa da suka gina. Za ki so shi.

Ki gaishe da jarumi Zailani.

Abdulganiyu


Unguwar Ɗorawa, Oktoba 2021

Abdulganiyu,

Sallama. Jikinmu lafiya. Ka gaishe da Inna. Malam Ɗanlahadi ya ce yanzu ana buɗe takardu a shingen hanya, don haka ba zan tsawaita ba, ka karanta da hankali.

Ranar Talata da hantsi 'yan bindiga sun faɗa wa masu yankan gero a bayan dutse. An rasa mutane. A cikinsu akwai Yusufu, ɗan Goggo Tani mai ƙosai, ka san ta, ita ce ke ba mu ƙosai kyauta muna yara in ka zo hutu. Ta kai masa abinci gona, abin ya rutsa da ita, ta kwanta cikin dawa. Tana jin Yusufu yana roƙonsu. Ta ce wani mai rawani ya rufe fuska ya tsaya a kansa, ya ja numfashi ta hanci, ya ce a hankali, "Ba komi, ɗan'uwa." Sannan ya harbe shi.

Goggo Tani ba ta taɓa kallon fim ba, ba ta ma da waya. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai wannan maganar da wannan muryar, kuma rumfarsa na kallon kaskonta a kasuwa. A wurin zaman makoki ta faɗi sunansa.

Ranar kuwa Gide ba ya gari. Ya je yi wa shanun wani allura a ruga, kamar yadda ya saba. Da aka tambaye shi ya faɗi gaskiya, gaskiyar ta ƙara ɓata abin. Yaran da ke binsa suna dariya yanzu iyayensu na janye su in ya wuce. An daina cewa Sululu da wasa. An fara cewa infoma.

Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar Hadi, don ranar daga daji abin ya zo. Wannan maƙwabtana ne, mutanen da na koya wa 'ya'yansu baƙaƙe.

Yanzu dai Gide yana hannun Zailani.

In da hali ka zo. Kai kaɗai ka san daga inda muryar ta fito.

Sa'adiya


Ƙanƙara, Oktoba 2021

Sa'a,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Yusufu da sauran, ya ba Goggo Tani haƙuri. Mu lafiya. Takardarki ta daɗe a hanya, an hana motoci bin wajenku, sai jiya Malam Ɗanlahadi ya iso.

Tun da na karanta ban iya cin abinci ba. Na gane abin da ya faru. Su ma mutanen dajin suna da wayoyi, su ma ba sabis, su ma kallo suke yi. Wani a cikinsu ya ga Sululu ya burge shi. Ina tunanin ko ya taɓa zama a bencin shagona, ko ni da hannuna na tura masa. Duk wanda ya shigo yanzu kallon fuskarsa nake yi.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ƙarshen takardarki. Tunda Gide yana hannun Zailani, alhamdulillahi. Wa zai taɓa surukin jarumin gari? Ki ce ya zauna a gidan Zailanin kada ya fita, har ƙurar ta kwanta.

Zuwa kuwa, Sa'a, ba zan ɓoye miki ba, tsoron hanyar nake ji. An tare mota a wajen Ƙetare kwanan nan, Inna ta ce in na fita ba da yawunta ba. Amma ga memori, na ɗauki muryata ina bayani, na yi muryar Sululu na kuma yi tawa. A kunna wa dattawa, magana ta ƙare.

Na ajiye kashi na biyu, ba ni da zuciyar ƙarasa shi.

Abdulganiyu


Unguwar Ɗorawa, Oktoba 2021

Abdulganiyu,

Sallama. Ba mu lafiya. Su buɗe takardar nan su karanta, ban damu ba kuma.

Kai mai fassara, kai da ke juya Turanci ya koma Hausa, Hausar ce ta gagare ka? Na ce yana hannun Zailani, ban ce yana gidan Zailani ba. A kulle yake. A ɗakin ajiyar 'yan sa-kai, inda suke zuba buhuna, da igiya a ƙafarsa. Ni ina jiran motar da za ta sauke ka, kai kana can kana alhamdulillahi.

Ranar da jama'a suka nufo gidanmu da sanduna, Zailani ya riga su. Shi da kansa ya kama Gide a gaban Khadijatu, ya fito da shi yana turawa, ya ce wa mutane, "Namu ne, mu za mu bincike shi." Na tsine masa a ranar. Sai daga baya na gane da bai yi haka ba da a tsakar gidana za a gama. Tun ranar yake zaune a bakin ƙofar ɗakin da bindiga a cinya, can yake ci can yake sallah. Abokansa na cewa ya ba su shi su kai shi bayan gari su yi masa tambaya. Ka san ba a dawowa daga wannan tambayar. Matan da ke masa guɗa yanzu tofar da yawu suke yi in sun wuce shi.

An kunna memorin naka a ƙofar gidan Malam Liman. Wani ya ce, "Waya mi ab ba ta iyawa? Muryar Giden ce aka haɗa." Wani ya ce to ina mai maganar, in yana da gaskiya me ya hana shi zuwa?

Malam Liman ya roƙe su su dakata har bayan sallar Juma'ar nan mai zuwa. Sun yarda don kunyarsa, ba don sun gamsu ba. Zailani ya ce mini bayan nan ba zai iya riƙe ƙofar ba, idonsa ya yi ja don rashin barci.

Ba zan yi maka ƙarya ba. In ka zo ka yi muryar nan a gabansu, ban san a kan wa za su juya ba. Ina tsoron hanyar, ina tsoron su, ina tsoron abin da zan gaya wa Inna. Duk da haka ina roƙonka don Allah, don zumuncin kakanninmu. Kai ka ari muryarsa ba ka tambaye shi ba. Ka zo da bakinka.

Sa'adiya


Ƙanƙara, Laraba

Sa'a,

Sallama. Na gani. Wannan za ta riga ni da kwana ɗaya, Malam Ɗanlahadi ya ce ranar Alhamis ba shi da wuri, amma Juma'a da safe zai ɗauke ni ko a kan buhu ne. Na ce wa Inna ɗaurin aure za ni Mabai.

Ki gaya wa Malam Liman a sa Goggo Tani inda za ta ji ba ta gani. Sauran ki bar mini.

Ki yi mini addu'a.

Abdulganiyu


Ƙanƙara, Nuwamba 2021

Zuwa ga Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya tun ran nan. Inna ta ga wuyan rigata a yage, ba ta tambaye ni ba, ta dai yi kwana biyu ba ta yi mini magana. Yaya jikin Gide? Yaya ƙafar inda igiya ta ci? Zailani ya jefa ni mota ban ko yi miki sallama ba, kuma ke kina bayan zana tare da mata, ba ki ga abin da ya faru a wajenmu ba.

Da aka fito da Gide ban gane shi ba. Ya dube ni ya ɗan yi murmushi, wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Malam Liman ya ce ba a kiran suna, wanda ya nuna da sanda shi zai faɗi maganar nan ta Sululu. Ya fara nuna Gide. Gide ya buɗe baki, abin ya fito a shaƙe kamar na mai mura, maganarsa ta kansa ta ƙi shi. Daga bayan zana, inda Goggo Tani ke saurare, ba a ji komi ba.

Sai sanda ta nuno ni. Na rufe ido kamar ina gaban makirufo a shago. Ban taɓa yin ta da kyau irin na ranar ba, Allah ya yafe mini. Kin ji ƙarar da Goggo Tani ta yi. "Shi ne! Wallahi shi ne!"

Ban san lokacin da suka iso kaina ba. Wani ya shaƙe ni da rigata, wani na cewa dama ɗan Ƙanƙara ne, wa ya san shi. Na ga sanda a sama. Na fara kalmar shahada.

Sai na ji muryar a bayana. Zailani ne. Ya ajiye bindiga a ƙasa, ya ja hanci, ya faɗa da ƙarfi yadda za ta ji. Ta sake kurma ihu, "Shi ne!" Kowa ya tsaya cak. Ya bi abokansa da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wa bai taɓa yin ta ba cikinku? Kai, ba kai ka yi ta ba kwanakin baya muna sintiri, muka yi dariya? In murya ce shaida, ku ɗaure mu duka, ku fara da ni." Ba wanda ya ɗaga kai. Malam Liman da kansa ya durƙusa ya kwance igiyar.

Na goge fim ɗin daga kwamfuta, amma yana cikin wayoyin da ban san adadinsu ba. Jiya wani yaro ya faɗi maganar a ƙofar shago, na daka masa tsawar da ta sa shi kuka. Musun da muka fara kuwa, na bar miki. Na dai san bos ɗin da na ƙawata, wani ya ɗauke shi ya je ya tsaya a kan Yusufu.

Ki karanta wa Gide wannan: Yaya Gide, na ɗauki muryarka da labarin mahaifinka na yi wasa da su, ka kusa rasa rai. Don Allah ka yafe mini. Ba zan samu natsuwa ba sai na ji daga bakinka.

Abdulganiyu


Sabuwa, Janairu 2022

Taubashina Abdulganiyu,

Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri da daɗewar amsa, ƙaura muka yi. Muna Sabuwa gidan goggon Gide. Ƙafar ta warke, sai tabo. Khadijatu lafiya, ta shiga Islamiyya. Ka gaishe da Inna, ka gaya mata gaskiya, ta riga ta sani.

Ba wanda ya kore mu. Amma ba wanda ya ƙara tsayawa a rumfar Gide, masu ba da haƙuri ma daga nesa suke yi. Mutum ba ya son ganin fuskar wanda ya kusa kashewa.

Ka ce ban ga wajenku ba. Kai ma ba ka ga namu ba. Ni ke riƙe da Goggo Tani. Duk lokacin da ɗayanku ya yi muryar, jikinta sai ya sandare a hannuna, tana kiran Yusufu tana cewa ya gudu. A gabana aka sake kashe mata ɗa, sannan aka sake. Da aka yi mata bayani sai ta kama hannuna ta ce, "To ɗiyata, ni wa zan riƙe?" Ta zo har gida ta durƙusa wa Gide kafin mu taso. Ban iya jin haushinta ba, na so in ji.

Zailani kuwa, kashi na biyun da ba ka ƙarasa ba an yi mana shi a gari. Sun cire shi daga sa-kai, wai ya kunyata su a bainar jama'a. Ba guɗa, ba goro. Surukin Sululu suke ce masa. Ya koma gonar Hadi yana noma shi kaɗai, ba bindiga, kuma kullum gabana faɗuwa yake yi a kansa. Ranar da ake masa tafi ban san me ya yi ba. Abin da na gani da idona ya yi, shi ne ba a tafa masa ba.

An ce sabis ya dawo. Kada ka kira don ka ji daga bakinsa. Gide ba ya magana yanzu sai dole, daga i sai a'a. Ran nan Khadijatu ta zubar masa da fura a riga, ta tsaya tana jiran abin da ya saba ce mata tun tana rarrafe. Ya ja numfashi, sai ya dubi ƙofar gida, ya haɗiye. Yarinyar ta fashe da kuka, ta ɗauka fushi ya yi.

Na karanta masa roƙonka. Ya buɗe baki ya rufe. Na ce to in rubuta maka ya yafe? Ya girgiza kai, ya miƙo hannu in ba shi biron. Bokonsa ba shi da kyau, ka yi haƙuri, layin ƙasa nasa ne.

Sa'adiya

Ba komi ɗan uwa.